Baturen Yaya da Buhun Kaffara

Akwai wata Asabar ta bayan girbin shinkafa da ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ita dai ba zai samu ba. Ita ce ranar da aka ɗora manyan tukwane a gidanmu na Haɗeja saboda wani Bature ɗan ƙasar Sikotland, mutumin da bai san da zamanmu ba, kuma ba na jin ya taɓa jin sunan garinmu.

Sai na fara da yayana, don shi ya jawo mana Baturen. Yaya manomin shinkafa ne a fadama, damina da rani yana cikin laka, da yamma kuma mai tsaron baya ne a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Filinsu yana bakin fadama, idan kogi ya cika ya karɓe abinsa, idan ruwa ya ja ya dawo musu da shi. A wajenmu kusan kowane ɗan ƙwallo yana da gwaninsa na Turai wanda ake kiransa da sunansa, kuma kowa mai cin ƙwallo yake zaɓa. Yaya ne kaɗai ya shiga gidan kallo wata rana, ya ga wani dogo an naɗe masa kai da bandeji, jini yana tsattsafowa, yana ta korar ƙwallo da wannan kan da aka naɗe, ya ce ya samu nasa. Da aka bincika aka ga shekara ɗaya aka haife su, sai magana ta ƙare. Daga ranar ba ya ce masa komai sai “sa'ana”.

Shi Baturen, gaskiya, ba wani mai farin jini ba ne. Ya fara a wani ƙaramin kulob na ƙasarsu, aka saye shi zuwa Ingila, ya sha zaman benci, aka ba da shi aro, ya dawo, aka karya masa hanci, ya zama kyaftin, kulob ɗin ya faɗa rukunin ƙasa da shi da kyaftin ɗinsa. Ƙasarsa kuma ta kira shi yau, gobe ta manta da shi, jibi idan kowa ya ji rauni ta tuna da shi. Idan ƙasar tasu tana wasa, Yaya kaɗai ke roƙon mai gidan kallo ya juya tasha, kuma yawanci kashi suke sha, ya dawo gida ya ce tsaron baya dai ya yi kyau.

Za ku ce ina mace ta san duk wannan. Dole ce ta sa, kuma ga yadda aka yi.

Shekaru sun fara ja, gwiwar Yaya ta dama ta soma kumbura bayan kowane wasa. Wata rana a teburin mai shayi samarin ƙungiya suka tsokane shi, suka ce Baba ya kamata a ba yara wuri. Yaya mutum ne mai sanyi, amma ranar ya miƙe a gaban jama'a ya rantse da Allah cewa ba zai ajiye takalmin ƙwallo ba sai ranar da sa'ansa ya ajiye. Kafin ya iso gida labari ya riga shi.

Bayan nan ne gwiwar ta yi tsanani. Mai ɗori ya duba ya ce wannan ba tasa ba ce. Likita ya ɗauki hoto, ya ce masa a gabana, don ni na raka shi, idan aka ƙara yi wa gwiwar nan duka ɗaya mai kyau za ta sandare, kuma mai sandararriyar ƙafa ba ya shiga laka ya yi dashe. Wato gonar da ke ciyar da shi, da matarsa, da 'ya'yansa, da Innarmu, tana rataye ne a kan gwiwa ɗaya. Yaya ya saurara da ladabi, ya yi godiya, muka fito. A bakin asibiti ya ce mini likitan yana da kirki, amma shi bai rantse ba.

Inna kuwa ba ta da yadda za ta yi masa faɗa, domin Yaya ɗan fari ne. Irin matan da ce, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ko yana durƙushe a gabanta, ni take kallo ta ce, “Ki gaya wa yayanku abinci na nan.” Ni kuma in juya in gaya masa, shi kuma ya ce in ce mata ya gode. Haka muka tashi, ba mu taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba.

Da ta ji hukuncin likita, sai ta aika aka tambayo limamin unguwa, ya ce rantsuwa irin wannan tana da kaffara, a ciyar da mabukata goma, shi ke nan mutum ya sauka. Inna ta sa aka ware buhu guda na shinkafa aka jingine a kusurwar ɗakinta. Ta ce in gaya wa yayanmu ga buhun kaffara nan, niyya kawai ake jira. Ya ce in ce mata mutumin da ya rantse a gaban mai shayi ba ya warwarewa a bayan ɗaki. Kowace kaka sai a cinye tsohon buhu a jingine sabo, har jikoki suka san ba a hawa wannan buhun.

Tunda ɗanta ya gagara, sai Inna ta koma kan Baturen. Ni ce mai babbar waya a gidan, gidan aurena kuma yana bayan layi, don haka kullum na shigo gaisuwa, kafin ta tambayi lafiyar yara sai ta ce, “Baturen nan ya ajiye?” In ce a'a, ya ma sake sa hannu a sabon kwantiragi. Ta ce, “Shi ba shi da uwa ne?” Da ya bar Ingila ya koma wani kulob na ƙasarsu, ta ce alhamdu lillahi, an fara kusantar gida. Da ya ji rauni a cinya ta yi masa addu'ar samun sauƙi, amma ta ƙara da cewa Allah ya sa sauƙin ya zo masa da hankali. Ta haka na wayi gari na fi mazan unguwarmu sanin ƙwallon Sikotland, ilmin da har yau ban ga inda zan kai shi ba.

To, ranar Asabar ɗin, Yaya ya tafi fadama da sassafe, da la'asar kuma suna da wasa da wata ƙungiya daga Jahun, mutanen da aka sani da taka ƙafa. Matar Yaya tana wanke-wanke da rediyo a gefe, sai ta ji a labarin wasanni an ce Baturen ya sanar da yin ritaya daga buga wa ƙasarsa. Ta ji da kyau, ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba. Lissafi kawai ta yi irin na mai hankali: mutumin da ya ce wa ƙasarsa sukutum ya gaji, wa kuma ya rage zai buga wa? Ta rangaɗa guɗa ta nufi ɗakin Inna.

Ko da na shigo da hantsi, an farke buhun kaffara, tunda a ganinsu ba a bukatarsa kuma, an mai da shi na sadakar godiya. An sayo kifi daga masuntan bakin kogi, maƙwabta sun cika tsakar gida, an aika wa liman ya zo bayan azahar ya yi addu'a. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa, fuskarta a sake yadda na daɗe ban gani ba. Na koma gefe na duba waya. Ƙasa kawai ya bari. Kulob ɗinsa ma cewa suka yi yanzu ne zai ba su ƙarfinsa gaba ɗaya.

Na matsa kusa na ce, “Inna, akwai ɗan bayani a kan maganar nan.”

Ta ce, “Ya ajiye ko bai ajiye ba?”

Na ce, “Ya ajiye rabi.”

Ta dube ni kamar na sha wani abu, ta ce in je in taya su yanka albasa.

Bayan azahar liman ya zo da dattawa, aka shimfiɗa musu tabarmi a ƙofar zaure, har mai shayin da aka yi rantsuwar a gabansa ya hallara. Ana cikin zuba abinci sai ga Yaya ya dawo daga fadama, laka har ƙwauri, yana ɗan jan ƙafar nan. Mutane suka tashi suna yi masa barka, wani har da rungume shi. Ya tsaya ya saurari dalili, sannan ya shiga ciki ya yi wanka, ya fito da rigar ƙungiya, takalman ƙwallo rataye a wuyansa. Ya durƙusa nesa kaɗan da Inna, ya kalle ni ya ce, “Ki gaya wa Inna na gode da hidima, amma sa'ana ƙasa kawai ya bari. Yana nan a kulob. Yau ma yana da wasa, ni ma ina da shi.”

Na juya na maimaita, ko da yake ta ji. Matar Yaya ta ajiye ludayi ta shige ɗaki, na san kuka ta je yi.

Inna ta dube ni. Ta ce mini, “Wai aiki biyu yake yi ne, Baturen?”

Na ce eh, akwai na kulob, akwai na ƙasa.

“Wanne ne ke ciyar da gidansa?”

Na ce kulob ne ke ba shi albashi. Ta ce na ƙasar fa? Na ce wannan na suna ne da girma, a sa maka rigar ƙasa, a yi taken ƙasa, mutane su tafa.

“Kuma me ya ce ya sa ya bari?”

Na karanta mata abin da ke wayar, cewa jikinsa ba zai iya ɗaukar biyun ba.

Inna ta gyaɗa kai ta ce ashe dai yana da uwa. Daga nan ta yi abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ta juya kujerarta, ta fuskanci Yaya, ta dube shi cikin ido.

“Kai,” in ji ta. “Sa'anka jikinsa ya gaya masa gaskiya, ya ajiye aikin tafi, ya riƙe na tuwo. Kai ma biyu kake yi da ƙafa ɗaya. Wanne ne naka na tuwo?”

Ba ta ɗaga murya ba, amma har zaure aka ji. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta rufe baki da gefen mayafi, ba don maganar ba, don dai Inna ta ce masa “kai”. Ni kuwa na tsaya da baki a buɗe, na saba da isar da saƙo, yau an sallame ni daga aiki ba sanarwa. Yaya ya juyo ya kalle ni don ya ba ni amsa in kai, ya ga ba ni da amfani, ya sunkuyar da kai. Tausayinsa ya kama ni, domin na san abin da filin nan yake a wurinsa, nan ne kaɗai wurin da ake kiran sunansa da ƙarfi ana murna.

Sai ya cire takalman daga wuya ya ajiye a gabanta. Ya ce, “Inna, gona ce.” Ya tashi ya fita zaure, ya tambayi liman ko abin da ya rage a buhu zai isa kaffara. Liman ya ce zai isa har da saura, a auna wa mabukata goma. Yaya ya ce ya yi niyya, ya kuma juya ya ce wa mai shayi ya zama shaida, tunda a gabansa aka ɗaura. Mai shayi, da bakinsa cike da kifi, ya ɗaga hannu.

Da la'asar 'yan Jahun suka ci ƙungiyar unguwarmu, Yaya yana tsaye a bakin fili da jallabiya. Ya dawo ya ce tsaron baya ne bai yi kyau ba. Inna kuma daga washegari ta koma “ki gaya wa yayanku”, kamar ba a yi komai ba, aka mayar da ni bakin aikina.

Baturen bai ajiye da wuri ba. Ya ci gaba da gangarawa daga kulob zuwa kulob, kowanne ya fi na baya ƙanƙanta, har gashinsa ya soma fari. Inna ba ta daina tambayarsa ba, sai dai yanzu cikin tausayi take yi, ta ce a bar bawan Allah ya nemi abincinsa. Ta rasu da damina, shekarar da ruwa ya cinye rabin fadama, shi kuwa yana nan yana korar ƙwallo da ka.

Ranar da ya ajiye gaba ɗaya, ni na fara gani a waya. Na je gidan na samu Yaya ya dawo daga dashe, da ƙafafunsa biyu, yana wanke laka a bakin rijiya. Na gaya masa. Ya ɗauraye hannu, ya taka zuwa ƙofar ɗakin Inna, inda yanzu buhunan iri ne kawai a ciki. Ya tsaya a bakin labule, ya waiwayo ya kalle ni, ya ce, “Ki gaya wa Inna ya ajiye.”

Abin da na koya shi ne, idan za ka yi koyi da mutum, kada ka tsaya a kan yadda yake jurewa, ka duba har yadda yake sauke abin da ya fi ƙarfinsa. Na kuma koyi cewa maganar da za ta ceci naka, a faɗa masa ita ido da ido tun ana tare, ko da sau ɗaya ne a rayuwa. Inna sau ɗaya ta yi, kuma har yau da wannan ƙafar Yaya yake shiga gona.