Ranar da Na Ƙi Zuwa Rufin Coci

Akwai wata Asabar a zamanin aikin dam ɗin Bakolori da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ni mutumin ƙasar Zuru ne, neman abinci ya kai ni can da sabuwar amaryata, aka ɗauke ni lebura a babban kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin wajen Talata Mafara da Bakura.

Aikin da aka ba ni kowa dariyarsa yake yi. An gama shafe kanal da siminti, ana so a gwada sakin ruwa, amma ba waya tsakanin bakin dam da inda muke. Saboda haka aka gaya mana ƙarara cewa ruwa zai iya zuwa kowace rana, ba sanarwa. Aka rataya tsohon wilin tifa a jikin wata aduwa a kan tudu, aka miƙa mini guduma. Nawa shi ne in zuba ido gabas, in na hango ruwa in buga, masu kwashe yashi a ƙasa su fito. Makonni suka shuɗe ban ga ko ɗigo ba. Abokan aiki suka raɗa mini suna mai gadin yashi, har matata takan tambaye ni da yamma ko yashin ya yi yunƙurin guduwa.

Mu Kirista ba mu da yawa a sansanin ma'aikata. Mun tara bulo mun tada 'yar coci, saura rufi, ga damina ta kawo kai. A ranar Asabar ɗin nan kwano ya iso, sai dattijon cocinmu da kansa ya tako har gindin aduwa ya ce in taso, hannu ya yi ƙaranci. Mutum ne da nake jin nauyinsa ƙwarai, shi ya samo mini aikin ma. Na ce masa akwai mutane a cikin kwalbatin da ke ƙarƙashin hanya, ba sa ganin komai daga ciki.

Ya ce, "Ɗana, aikin Allah ne fa. Ruwan da bai zo ba duk tsawon lokacin nan, yau ne zai zo?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Nan aka ajiye ni."

Ya dube ni ya girgiza kai ya tafi. Gaskiya abin ya ci mini rai. Daga inda nake ina jiyo ƙarar buga ƙusa da waƙar 'yan'uwa, ni kuwa ina tsaye kamar wanda aka yi wa horo. Amma ni da taurin kai tun ina yaro an san mu, kuma a ranar ya yi mini rana. Da barci ya fara fizgata sai na tashi daga inuwa na tsaya cikin zafin, don kada ido ya ci amanata.

Bayan azahar na ga balbelu sun tashi fir daga can gaba. Ban ji wata ƙara ba. Abin da na hango kawai shi ne wani baƙin layi yana rarrafowa a ƙasan kanal, yana turo karan dawa da kumfa. Na buga wilin nan har kafaɗata ta yi tsami. Mutane suka yi ta fitowa suna hawa tsani, na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ban ga wani tsoho mutumin Bakura ba, wanda ƙarar injin fasa dutse ta riga ta cinye masa kunne. Na yar da guduma na gangara. Na same shi can ƙuryar kwalbati, ya ba ƙofa baya yana loda kwando hankali kwance. Ban tsaya bayani ba, na cafki wuyan rigarsa na ja. Ruwa ya kai mana gwiwa kafin mu kama tsani, da muka hau sama kuwa bakin kwalbatin ya riga ya nutse.

Washegari tsohon ya zo har ɗakinmu da ƙwaryar fura. Muka gaisa doguwar gaisuwa irin tasu, ya tambayi gida da gajiya da tsoron jiya, sannan ya matso da kunnensa kusa da bakina.

Ya ce, "Yaro, wa ya hwaɗa ma jiya za a sako ruwan ga?"

Na ce babu wanda ya faɗa mini.

Ya jinjina kai, ya ce, "To da an hwaɗa, ai kowa ma tsayawa shikai."

Dattijon cocinmu yana zaune a wurin, sai ya kama hannuna ya riƙe har tsohon ya tafi.

Yanzu ni ma na tsufa, ana kirana in yi wa matasa magana a kan dawowar Ubangiji. Sukan so in gaya musu alamu, in ma da hali in faɗi lokaci. Nakan ce ban sani ba, kuma ban damu in sani ba. Abin da na koya shi ne zaman shiri ba ya da daɗi, ba ya da tafi, wani lokaci ma mutanen kirki ne za su zo da kyakkyawan dalili su ce ka taso. Ka tsaya inda aka ajiye ka, idonka biyu, domin akwai wanda ke can ƙasa ya juya baya, bai san ransa na rataye da tsayuwarka ba.