Ranar da Babana Ya Ba Da Ni Baiko

Babana ya ba da ni baiko a coci, wato kyautar da ake kai wa Allah, ina ɗan shekara takwas. Ba wasa nake maka ba. Har yau in na ji ƙanshin sabuwar acca a tukunya, sai ranar ta dawo mini.

A unguwar Congo-Russia muke zaune, ɗaki ɗaya a gidan haya, shekarar da sojoji suka bar wa farar hula mulki. Babana mai haƙar kuza ne. Da damina rami ya rufta da shi da abokan aikinsa. Shi kaɗai aka ciro da rai. Tun daga nan ya daina dariya. Bai daɗe da zama Kirista ba, bai iya karatu ba, abin da ya ji fasto ya karanta shi yake riƙewa. A addinin da ya baro kuwa, wanda ya yi wa tsafi alkawari bai cika ba, gidansa ne zai biya.

Da kaka ta yi, aka sa Lahadin godiya. Da safe aka yi mini wanka da sabulu mai ƙanshi, aka sa mini sabuwar riga, ina ta murna. A coci kowa ya fito da nasa ana rawa zuwa gaba: doya, dankali, kaji, ƙwaryar acca. Mamata tana cikin matan zumuntar coci tana kiɗa da tulu. Na ga hannun babana ba komai, na ce, "Baba, ina namu?" Ya ce, "Taho."

Ya ɗaga ni ya zaunar tsakanin buhun masara da wani zakara a ɗaure. Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce wa fasto, "Ina ƙarƙashin ƙasa na ce wa Allah in ya fitar da ni, ɗana na fari nasa ne. Ga shi."

Kiɗa ya tsaya. Tulun mamata ya faɗi ya fashe.

Fasto dattijo ne mai sanyin hali. Ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ya ga zuciyarka. Ko Ibrahim da ya kai Ishaku bisa dutse, ai rago aka ba shi, ya koma gida da ɗansa. Yesu ya riga ya zama hadayarmu. Ɗauki yaronka."

Babana ya ce, "Baba fasto, Ibrahim ya ji murya daga sama. Ni ban ji ba."

Na san labarin. Na kafa wa rufin kwano ido, na kasa kunne, ina jira. Zakaran nan ne kawai ke motsi.

Mamata ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa, tana cewa, "Baban yara, ka ba da ni, ka bar yaron." Bai dube ta ba. Ya fita, na bi shi da gudu na kama wandonsa. Ya ɓanɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ya tafi.

Fasto ya mayar da ni gida, babana ya sake kawo ni. Haka aka yi ta yi har fasto ya gaji. Na zauna gidansa ina shara da ɗiban ruwa, mamata tana kawo mini tuwo a ɓoye. Da aka canja masa wurin aiki, sabon fasto ya gaje ni tare da bencinan coci da ganga. Na gudu.

Da na girma na tambayi masu karatu. Suka ce Allah ya fi son biyayya da hadaya. Babana kuma har ya mutu gani yake biyayya ya yi. Bai ƙara ce mini "ɗana" ba, sai "na Allah". Ban tsane shi ba. Mutum ne da ƙasa ta rufe, tsoro bai sake shi ba. Amma shi ya yi alkawari, ni na biya.

Cocin nan yanzu bene ne, da lasifika, baiko kuma a ambulan ake sawa. Ina zuwa, a baya nake zama.

A kasuwar Farin Gada nake yanzu, ina lodin kabeji. 'Ya'yana huɗu, duk a ɗakina suke kwana.