Kakin Kofur Ambrose a Igiyar Haladu

A Nasarawa Gwom, in mutum ya manta ranar mako ba sai ya nemi kalanda ba, ya leƙa igiyar Haladu mai wanki da guga. Kayan Litinin, Laraba suke komawa hannun mai su. Ko ruwan Agusta ya kwana uku yana zuba, Haladu zai hura gawayi ya busar da su da dutsen guga. Ubansa kuza ce ta kawo shi Bukuru daga ƙasar Kazaure. Shi ma Haladu ya yi wankin kuzar da ƙuruciya, sanyin ruwa ya kama masa gwiwa, sai ya koma wanke rigunan wani Bature. Da Baturen ya tafi bai bar masa komai ba sai dutsen guga da tsoron saɓa lokaci. Matarsa Tabawa takan ce ko ranar aurensu ya riga ta shiryawa da awa biyu.

Ba ya rubutu. Kowane mai kaya da alamarsa ta tawada a bayan wuyan riga: wannan ɗigo biyu, wancan ƙafar kaza. Kofur Ambrose, ɗan sandan da ke son sitaci har wandonsa ya iya tsayawa shi kaɗai, ɗigo uku ne.

Wata Litinin a shekarar saba'in da takwas, Kofur ya kawo kakinsa duka saiti biyun da yake da su. Ya ce ya sami hutun kwana uku, Alhamis kuma akwai fareti. Ran Talata bayan la'asar, kayan suna shanye a igiya, aka ji ƙara daga bakin titi. Kofur ne, da silifas da riga mai furanni, ya kai babur ɗinsa wurin Dantong mai faci. Dantong ya ce ya jira, akwai keke biyu a gabansa. Magana ta yi tsawo. Kofur ya zaro ƙaramar bindiga daga ƙugu. Kafin a sami motar kai Dantong asibiti, rai ya yi halinsa.

Haladu ya ji labari, ya yi salati, abincin dare ma bai ci ba. Da gari ya waye Laraba ce. Ya goge kakin nan, ya ninke, ya ɗaura a bayan keke, ya kai bariki ya miƙa wa matar Kofur. Ko a ransa bai kawo wani abu ba.

Ran Alhamis jarida ta fito. Pwajok, tsohon masinja mai karanta wa mutane jarida a teburin mai shayi, ya gyara tabarau ya fassara: wai ɗan sanda a bakin aikinsa, sanye da kayan sarki, ya harbe wani da ake zargi ɗan fashi ne.

"Fashin me? Fashin iskar taya?" in ji Lukuman tela.

"Kai dai ka yi a hankali," in ji Pwajok. "Ɗan sanda ba shi da hutu. Ko a makewayi yake, a bakin aiki yake."

"To a makewayin ma harbi yake yi?"

Mako biyu ba a yi wata hira a garin ba. A tasha, a wurin aski, a cikin bas ɗin Bukuru. Wasu suka ce Dantong da ma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Wasu suka ce a hana 'yan sanda fita da bindiga in sun tashi aiki. Ɗaliban jami'a suka rubuta wasiƙu masu dogon Turanci. Mutum ashirin da suka ga abin da idonsu kuwa, da aka ce za a zauna bincike, sai ya zama kowa ya juya baya a daidai lokacin, har masu keken nan biyu.

Sai ga Chundung, matar Dantong, ta taso daga Kabong da ƙafa. Ta durƙusa a ƙofar shagon Haladu.

"Baba, an ce ranar kayan Kofur yana wurinka."

"Duka biyun, 'yata. Ga igiyar nan."

"Ni ban ce a kashe kowa ba. Kawai a cire wannan sunan. A kasuwa matan da muke zama layi ɗaya sun janye tirensu daga kusa da ni. Matar ɗan fashi."

Haladu, wanda ko rigimar kaji ba ya shiga, ya ce zai je.

Ranar zaman ya sa farar rigarsa, ya isa tun ana share ofis. Wani oga mai taurari a kafaɗa ya saurare shi har ƙarshe, yana kaɗa biro.

"Madalla, Baba. Ina kayan yanzu?"

"Na kai masa, ranka ya daɗe."

"Yaushe?"

"Laraba da safe."

"Bayan an yi harbin? Wa ya ce ka kai?"

"Ai Laraba ce, ranka ya daɗe."

Magatakarda ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Oga ya nemi rasit, babu. Haladu ya ce a duba wuyan rigar, za a ga ɗigo uku. Aka ɗauko, aka duba, ga su nan kuwa reras.

"Wannan ya nuna kai kake masa wanki," in ji oga, "kuma ka iya, na yaba. Amma ɗigo bai faɗi rana ba. Mun gode, Baba. A kula da matakala."

Bayan wata guda aka ji an yi wa Kofur canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Takardar bincike ta ce marigayin ya yi ƙoƙarin ƙwace bindiga. Teburin mai shayi ya koma musun zaɓen da soja suka ce za a yi baɗi.

Haladu ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya tura kekensa har Kabong. Ya tarar da Chundung tana tsince acca a ƙofar ɗaki. Ya gaya mata komai, har dariyar magatakarda bai ɓoye ba.

Ta ajiye faifan accar.

"Kwana ɗaya, Baba. Da ka riƙe kakin nan kwana ɗaya, duk unguwa ya zo ya gani a igiya."

Shekara talatin ana yabonsa a kan wannan hali, yau ga inda ya kai shi.

"In kina so," in ji shi, "gobe in bi ki kasuwa, in faɗa wa matan da bakina."

"Sun sani, Baba. Tun farko sun sani. Takardar suke tsoro."

Ta jawo masa kujera, ta ci gaba da tsintar accarta. Ya zauna, hularsa a gwiwa, har inuwa ta bar ƙofar.