Shara a Inda Shago Yake Dā

Kwana uku ke nan Kaneng, mai sayar da faten gwate a bakin tashar Laranto, tana lura da wata mata. Doguwa ce siririya, tef ɗin awo rataye a wuyanta, makulli ɗaure a bakin zaninta. Shagonta na ɗinki, wanda a ciki take kwana, an rushe shi ran Litinin. Amma kullum da safe sai ta zo ta share daɓen simintin tsaf, ta ɗora kekenta bisa bulo, ta zauna tana kallon hanya.

Kaneng ko sunanta ba ta sani ba. Wataƙila mijinta ya rasu, wataƙila tana da 'ya'ya a ƙauye da labari bai kai musu ba.

Yau ta kai mata kwanon gwate. "Ƙanwata, ina kike kwana?"

"A coci, Mama, kan benci. Zuwa Lahadi suka ba ni."

Kaneng ta tuna ɗakinta, mutum bakwai a tabarma biyu. Da ƙyar ta ce, "To, sharar nan fa?"

"Masu kawo ɗinki za su zo karɓar kayansu. Kada su tarar da datti."