Tafin Hannu a Kan Farar Fijo

Har yau idan aka kawo mana farar mota sai na tuna wata Asabar, a shekarar da aka karya darajar sefa. Lokacin ni, Sale, ina wankin mota a unguwar Sabangali, a ƙarƙashin Baba Haruna, wanda kakanninsa suka fito daga Kano za su Makka, suka tsaya a nan. Fentin mota ya yi wuya a kasuwa a shekarar. Wanda ya ɓata jikin mota, sai dai ya zauna da ita haka.

Da hantsi Idrisa ya shigo da farar Fijo. Direban wani Alhaji ne mai fataucin shanu. Alhajin ya ba da aron motar a kai amarya unguwar Walia, kuma da la'asar yake son ta dawo. Da mata suka fito rawa, sun yi ta dafa murfin gaba da hannuwansu, baƙin lalle bai gama bushewa ba. Rana ta gasa shi. Tafin hannu ne birjik, manya da ƙanana.

Idrisa ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri. Idan patiron, maigidana, ya gani, aikina ya ƙare."

Baba Haruna ya zaga motar. Ya tsaya a gefe guda inda fenti ya dushe, ya shafa.

"Wannan fa? Shi ma amarya ce?"

"Ni ne, Baba. Toka da fetur na sa."

"Ashe tukunya ka ɗauke ta. Sale, tura ta inuwa."

Ga yadda ya yi, ku da kuke koyo yanzu ku ji. Bai taɓa tabon ba sai da ƙarfen ya huce. Muka wanke da ruwa da sabulu, muka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kai. Ya aike ni bakin kogin Shari na ɗebo laka. Ya dama ta a bokiti, ya bari yashi ya kwanta, ya tsiyaye ruwan da ke sama a wani kwano. Abin da ya kwanta a wannan kwanon shi yake so, mai laushi kamar kindirmo. Ya ɗan taɓa a haƙorinsa, ya ce idan ka ji ƙaras, to fenti ma zai ji. Ya fara gwadawa a cikin ƙofa, inda ido ba ya kaiwa.

Tsummokaranmu duk ya ce sun yi kaushi. Sai ya kwance tsohon rawaninsa, wanda wanki ya gama lausasawa, ya yage shi.

Idrisa ya ce, "Haba Baba, rawaninka?"

"Kaina ba a fente yake ba."

Da yatsa biyu yake gogawa, a kewaye, ba ya dannawa. Ya goga kaɗan, ya wanke, ya karkata kai ya duba. Idrisa yana ta kallon rana yana cewa yalla, a yi sauri. Baba bai ko ɗago ba. Ni ma ya ba ni gefe, ya ce hannuna ya zama kamar mai shafa kan jariri. Aka kawo abincin rana ya huce a kwano. Salla kaɗai ta tashe mu.

Kafin la'asar tafin ƙarshe ya fita. Muka sa man goge mota, murfin ya ɗauki haske. Saura wurin tokar. Idrisa ya ce a shafa masa man gyaɗa, zai yi sheƙi, Alhaji ba zai gane ba.

Baba ya ce, "Jibi mai zai bushe. Ranar zai ce ka cuce shi, ni ma na cuce shi. Tashi mu je tare."

Na bi su. Alhaji ya fito, Baba ya gaishe shi, ya faɗa masa duk abin da ya faru, ya kama hannunsa ya ɗora a wurin. Alhaji ya daɗe yana shafawa. Ya nemi inda lallen yake, bai samu ba. Ya dubi kan Baba babu rawani, ya dubi Idrisa.

"Kai da toka ko? Kalas, ya wuce. Gobe da safe za mu kasuwar shanu, kada ka makara."

Idrisa ya ci gaba da tuƙa motar har ta tsufa. Ni kuwa a ranar na gane cewa a sana'armu tabon da zai fita a bi shi a hankali, wanda ba zai fita ba a nuna wa mai mota. Abin da aka rasa shi ne: rawani ɗaya, abincin rana, fatar yatsun Baba biyu, da sheƙin fenti daidai faɗin tafin hannu.