Surukin Kyaftin

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni ɗan tsakiya ne a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Birnin Kebbi. Kocinmu ɗan kudu ne mai sayar da kayan babur a kasuwa, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Shi ya zo mana da wasan matsi: idan ƙwallo tana ƙafar abokin karawa, duka za a taso masa lokaci guda, kowa ya toshe nasa mutumin. Ɗaya ya makara, an buɗe ƙofa. Don haka dole a sami mai kira daga baya, mai ganin fili duka, ya daka wa ɗan gaba tsawa ya fara, saura mu bi.

Mai kiranmu wani dogo ne daga Ambursa, mai tsaron baya, manomin shinkafa. In ya ce "Tashi!" ko kurma ya san an yi magana. A shekarar ruwa ya cinye masa fadama, bai kai ko dami gida ba. Sai aka ce masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo daga Sakkwato su kalli karawarmu da Argungu, kuma wanda aka ɗauka ana ba shi aiki a ma'aikata. Kowa ya san dogon suka zo gani.

To amma kafin damina ya auri ƙanwar kyaftin ɗinmu, wanda shi ne ɗan gabanmu. Kyaftin ne ya rene ta, shi ya ba da aurenta, saboda haka matsayin uba gare shi. Tun daga nan dogon ko ruwa ba ya sha a gabansa. Da damina ba a wasa, kyaftin kuma aikin ofis ya hana shi zuwa atisaye, shi ya sa koci bai lura da komai ba.

Ana hura usur a Argungu muka kasa kunne, shiru. Kyaftin yana jiran kira, mu na tsakiya mun riga mun ruga, fili ya tsage biyu. 'Yan Argungu suka riƙa wucewa ta tsakaninmu kamar kifi a yagaggen taru, su tarar da dogon shi kaɗai. Duk ƙwallon da ta shiga raga, shi aka gani a ƙasa. Na gwada yin kiran da kaina, amma rabin fili yana bayana, muryata kuma ba ta kai ko'ina.

Da aka tafi hutu koci ya hau dogon da faɗa. "Mi yah hana ka kira? An ɗaure maka baki?"

Dogon ya sunkuyar da kai. Na ce, "Koci, kyaftin surukinai na."

"Suruki? Cikin hili?"

Kyaftin ya yi dariya ya ce, "Shi yi kira mana, wa ya hana shi?"

Izini dai ba ya cire kunya. Da aka dawo na ji dogon ya buɗe baki, a hankali: "Yaya, don Allah, in ba damuwa…" Kafin ya ƙarasa an wuce shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau in na tuna sai na ji ɗaci. Mutanen Sakkwato ba su jira an tashi ba, suka shiga motarsu.

Muka hau bayan a-kori-kura muka kama hanyar gida. Sai kyaftin ya dafa kafaɗar dogon, ya dube mu, da zuciya ɗaya ya ce, "Wanga yaro ɗan halak na. Tun da nib ba shi mata bai taɓa ɗaga min murya ba."

Dogon ya zame daga kan benci ya tsuguna. Ya ce, "Na gode, Yaya."