Talabijin ɗin Baba da na'urar Utako

"Oga, talabijin mai ƙeya? Ka sayi sabuwa kawai," in ji mai shago a kasuwar Utako.

Na ce na'urar da ke mayar da HDMI, mahaɗin kwamfuta, zuwa wayoyin talabijin ɗin nan uku nake nema, ja, fari da ruwan ɗorawa. Bidiyon marigayi Babanmu ne a kwamfutata, Mama kuma ta ce sai a talabijin ɗinsa za ta kalla.

Ya ɗauko wata na'ura. "Wannan ta fi. Amma hoton zai ɗan dushe."

Da na haɗa a gida, Mama ta jawo kujerarta kusa. "Ƙara sauti," ta ce. "Muryar nake kewa."

Ku wane tsohon kaya ne kuka kasa rabuwa da shi?